Mu Ne Bugaggu

Shekarun baya, ina aji biyar a sakandare a Yelwa ta ƙasar Yauri, na taɓa raɗa wa ƙungiyarmu wani suna da ya kusa sa a cire abokina daga makaranta. Jiya wani ya jefo tambayar kacici-kacici a guruf ɗin 'yan ajinmu na jami'a, ina ganinta na fashe da dariya ni kaɗai, don ita ce sak tambayar da ta jawo mana komai. Na ce to bari yau in ba ku labarin.

Lokacin mu 'yan kaɗan ne, muna haɗuwa bayan la'asar a bakin ruwa, can bayan inda ake gyaran jirage. Ni ne mai rubutu, abokina shi ne mai kiɗa. Ba ganga gare shi ba, ba kalangu. Wata tsohuwar jarkar mai ce ta jirgin babansa, ta huje aka yar, shi kuma ya ɗauke. Amma jama'a, in mutumina ya kifa jarkar nan tsakanin gwiwoyinsa, ya rufe ido, sai ka rantse situdiyo aka buɗe. Akwai wani bugu da ya fi so, da shi yake buɗe komai: ƙwas-ƙwas-ƙwas, ya ɗan yi shiru, sai ƙwas-ƙwas. Na taɓa tambayarsa inda ya samo shi, ya ce, "A gida." Ban bi ta kai ba.

Ni kuma abin da nake rubutawa, a ganina waƙa ce. Na kai wa malaminmu na Hausa, mutumin kirki wallahi, ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau ya ce, "Ina karin? Ina amsa-amon? Wannan ai hira ce ka yayyanka ka jera." 'Yan aji suka sheƙe. Ni kuwa maimakon in ji kunya, sai na ji kaina ya ƙara girma. Na ce shi ke nan, ba a fahimce ni ba, alamar manyan marubuta ke nan.

Ana cikin haka, a wani guruf na kacici-kacici da nake ciki, aka jefo tambaya: wace kalma ce guda ɗaya ta haɗa wasu marubutan tawaye na Amurka da amon kiɗan zamani? Kun san ni da saurin yatsa. Kafin a ce kwabo na leƙa intanet na dawo da amsa, aka yi ta turo min tafi kamar daga kaina na ciro. Kalmar ita ce wadda 'yan situdiyo ke cewa bit.

Sai na ci gaba da karantawa har data ta ƙare. Ashe bayan yaƙin duniya na biyu an yi wasu samari marubuta da suka ce sun gaji da rayuwar a tashi a je ofis a dawo a tara kaya. Suka watsar da dokokin waƙa, suna rubutu yadda numfashi ya ba su, suna karantawa a bainar jama'a ana busa da kiɗa a bayansu. Suka kira kansu da kalmar nan, don a harshensu tana nufin wanda duniya ta jibga har ya gaji, kuma tana nufin bugun kiɗa. Har wata shahararriyar ƙungiyar mawaƙa daga baya ta cusa kalmar cikin sunanta.

Kai! Kaina ya ɗau caji. Na ce ai mu ne waɗannan, Yauri kawai aka haife mu.

Washegari na isa bakin ruwa ina haki, na tari abokina.

"Baaba, na samo mana suna."

"Allah Ya sa ba irin na wancan karon ba ne," in ji abokina.

"Tsaya ka ji. Me ake yi wa ganga?"

"A buga ta."

"Littafi fa?"

"A buga shi."

"In duniya ta juya maka baya?"

"Ta buga ka da ƙasa."

"Wanda ya shahara a harkarsa, ya ake ce masa?"

"Bugagge."

"To mu ne Bugaggu! Turawan ma ma'ana biyu suka samu, mu ga huɗu."

Sauran suka hau ihu. Abokina ne kawai ya sosa ƙeya ya ce, "Baaba, akwai ta biyar fa. In an ce wane ya bugu, ka san me ake nufi."

Na ce, "Kai matsalarka tsoro. Wanda bai gane ba ya tambaya."

Nan ne na tafka ta. Na ɗauka mutane tambaya suke yi.

Abokina ya samo ragowar fentin jirgi, ya rubuta BUGAGGU da manyan baƙaƙe a jikin jarkarsa. Muka naɗi wata sabuwar waƙa a wayarsa, shi da kiɗa ni da baki. Waƙar ma shi ya ba ni maganganun, ni jerawa kawai na yi. Farkonta cewa take: "Mu ne bugaggu. Rana ta buga mu, ruwa ya buga mu, mun bugu."

To ga abin da ban sa a lissafi ba. Abokina yana da wa, wanda maganin tari da ƙwaya suka lalata. Yaro ne mai hankali a da, shi ke riƙe wa babansu inji in za a tafi kasuwar Wara. A hankali ya fara kwana waje, ya fara ɗaukar abin da ba nasa ba, daga baya sai dai a ce an gan shi wajen Shanga, ko an gan shi a tasha. Kowa a unguwa ya sani, ba mai ɗaga maganar a gaban babansu.

Yanzu ku tsaya a inda baban nan yake ku duba. Ɗansa na biyu kullum idonsa jawur. Yana yawo da jarkar mai, kuma kun san akwai yaran da shaƙar mai ce harkarsu. Yana zama a bayan jirage, ba nisa da inda ainihin 'yan shaye-shayen ke fakewa. Yana tafe yana gyaɗa kai yana motsa baki shi kaɗai. Rannan kuma ƙanwarsa ta ɗauki wayar tana danne-danne a tsakar gida, sai ga muryata tana tashi: mun bugu. Baban bai jira layi na gaba ba. Ya karɓe wayar, ya kashe, ya fita ya juya jarkar ya sa aka karanta masa abin da ke jiki.

Abokina bai zo makaranta ba. Washegari ma haka. Na kira, waya a kashe.

Ina dawowa gida na tarar da Inna zaune a bakin ƙofar ɗakinta, ba ta tankaɗe ba ta tsinta, hannu kawai ta haɗa. Duk wanda ya san Inna ya san wannan zaman ba na lafiya ba ne.

"Zo nan. Matso. Hura mini bakinka."

"Inna, me..."

"Hura, nac ce."

Na hura. Ƙosai da yaji kawai ta ji. Ta kama haɓata ta duba idona, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai sayen rago.

"Mine ne Bugaggu?"

Na gyara tsayuwa na fara, "Wato Inna, a Amurka bayan yaƙin duniya..."

"Kai, rufe mini baki da Amurka. Uwar abokinka ta zo nan tana kuka. Ubansa ya rantse ranar kasuwa zai sa shi jirgi ya kai shi gungu wurin ƙanensa, can cikin ruwa wajen Ngaski. Ba makaranta, ba waya, sai taru da komar kamun kifi. Ya ce ya yi sake da na farko, ba ya yi da na biyu." Ta dube ni. "Wa yas sa sunan?"

Na ce ni ne.

"To ba ni za ka yi ma bayani ba. Ni na shaƙi bakinka, na gamsu. Tahi ka yi ma uban yaro."

Wallahi na so in ce cikina na ciwo. Baban abokina ba mai faɗa ba ne, kuma abin da ya sa ake tsoronsa ke nan. Mutum ne da zai dube ka har ka fara tuno laifin da ka yi a firamare.

Ranar kasuwa da safe na tafi bakin ruwa. Ana ta lodi, buhunan busasshen kifi, kwandunan albasa, babur guda an kwantar da shi a tsakiya, mata na rigimar wurin zama. Can ƙarshen jirgin na hango abokina zaune kan jakar bakko, kansa a ƙasa. Jarkar tana gefen ƙafar babansa, an juya rubutun yana kallon katako.

Na durƙusa. "Baba, ina kwana."

"Lahiya." Bai dube ni ba, yana warware igiya.

"Baba, dama maganar sunan nan ne. Ni na sa shi. Ba abin da kuke zato ba ne."

"Mi nike zato?"

Sai na koma ga abin da na iya. Na zaro waya. Na zuba masa bayani tiryan-tiryan, ganga, littafi, duniya, shahara. Ina jin kaina ina burge kaina. Don in ƙarasa shi gaba ɗaya, sai na buɗo hoton marubutan na miƙa masa.

Jama'a, kada ku taɓa yin abin da na yi. Ban taɓa duban hoton nan da idon uba ba sai a lokacin. Wasu ƙarti ne gashi buzu-buzu, riga a yamutse, wani da taba a baki, wani ya jingina da bango kamar an jiƙa shi an shanya.

Baba ya daɗe yana kallo. Wata mai kifi ta leƙo ta kafaɗarsa ta ce, "La ilaha! Waɗanga su ne malaman naku?"

Ya miƙo min wayar, karo na farko ya dube ni cikin ido.

"Tambaya guda zan yi maka, ɗan nan. Mutanen ga da kunka ari sunansu, suna sha ko ba su sha?"

Na riga na karanta, na san amsar. Kuma na san ba wanda zai iya ƙaryata ni a bakin ruwan nan in na ce waliyyai ne. Abokina ya ɗago yana kallona. Amma mutumin da ya riga ya rasa ɗa guda a wannan hanya, ban ga ta inda zan fara yi masa ƙarya a kanta ba.

Na ce, "Suna sha, Baba. Da yawansu. Wasu ma abin ya cuce su."

"To."

"Amma mu kalmar muka ɗauka, ba halin ba."

"Wanda ya ari riga," in ji shi, "da warinta yake ara." Ya juya ya ce wa yaran jirgi su ɗaga katakon hawa.

Na zo gyara, na ƙarasa ɓatawa. Sai na ji muryar abokina daga ƙarshen jirgi, shi da ko a aji ba ya ɗaga murya.

"Baba, ba ku ji ƙarshenta ba. Waƙar. Layi guda kuka ji."

Mai kifin nan, Allah Ya saka mata, ta ce, "Alhaji, ka bari su yi mana. In shirme ne ai ga ruwa nan, mu tura su." Aka yi dariya, ban da Baba. Ƙafa kawai ya sa ya turo jarkar.

Abokina ya tsallako buhuna ya zauna a bakin jirgi, ya kifa ta tsakanin gwiwoyi. Ya rufe ido. Ƙwas-ƙwas-ƙwas. Shiru. Ƙwas-ƙwas.

Ni da nake cika baki ina neman dandali, ga dandali ya samu, masu kifi da 'yan acaɓa da masu dako. Na buɗe baki na fara.

"Mu ne bugaggu.
Rana ta buga mu, ruwa ya buga mu, mun bugu.
A gidanmu kwano ɗaya ne, hannu biyu.
Yanzu hannu ɗaya ke shiga, tuwon ya ƙi ƙarewa.
Yaya, tabarmarka tana nan a naɗe,
ban bari kowa ya hau ba.
Ana buga ƙofa da asuba,
ni kaɗai nake amsawa."

Akwai saura, amma ban kai ba. Baba ya ɗaga hannu, na tsaya. Ba ni yake kallo ba, hannun ɗansa yake kallo a kan jarka.

"Sake wanga."

Abokina ya sake. Ƙwas-ƙwas-ƙwas. Ƙwas-ƙwas.

"Wanga ai bugun ƙofata ne."

Abokina ya gyaɗa kai, bai ɗago ba.

Sai a lokacin na gane abin da "a gida" ke nufi. Haka baban ke ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinsu kullum in zai tashe su sallah, tun suna ƙanana. Na farkon na wan ne, na biyun na ƙanen. Wan ya bar gida, amma hannun uban bai daina yin duka biyun ba. Ni ina can ina ƙirga ma'anonin buga har huɗu ina jin ni ne gwani, ashe akwai wadda take gaban hancina kullum bayan la'asar, ban taɓa jin ta ba.

Baba ya juya baya yana gyara igiyar da ba abin da ya same ta. Ya daɗe. Sai mai kifin ta ce a hankali, "Jan idon ma, Alhaji, yaron da ke tsaye kan bandar kifin uwarsa kullum cikin hayaƙi, ai dole. Dubi nawa."

Ya ɗauko jakar bakkon da kansa, ya ajiye ta a kan yashi.

"Sauka. Ka wuce gida ka sa kayan makaranta." Ya nuna jarkar. "Wagga kuma a goge abin da ke jikinta yau. Kuma ku tashi daga bayan jirage. In kiɗan za ku yi, ga ƙofar gidana nan, inda nike ganinku."

Ya juyo kaina. Na sake durƙusawa.

"Kai kuma mai waya. Da ka ce mini ba su sha, da yanzu mun yi nisa cikin ruwa. Na san idon mai sha ko a hoto ne." Ya taka cikin jirgi. "Gobe in ka samo wani sunan, ka fara kai ma innarka ta ɗanɗana."

Aka tada inji. Muka tsaya ni da abokina muna kallon jirgin har ya zama ɗigo. Ina jira ya rungume ni ko ya ce wani abu mai taɓa zuciya. Ya ɗauki jakarsa ya ɗora min a kai ya ce, "Ɗauka, ɗan Amurka."

Mun kankare fentin da wuƙa da yashi, amma bai fita duka ba. Ba mu sake sa wa ƙungiyar suna ba har muka gama makaranta. Malaminmu na Hausa ya ji labari, ya sa muka yi masa waƙar a ofis. Da muka gama ya ce har yanzu ba amsa-amo, amma kari kam akwai, yana hannun mai jarka. Na karɓi rabin makin nan da hannu biyu.

Yanzu in na tuna, ba sunan ne ke ba ni kunya ba. Har gobe ina ganin sunan ya haɗu, kada ma wani ya ja da ni. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, kalma ba ta zuwa ita kaɗai. Ni na ɗauko ta daga waya tana sheƙi, ba ta taɓa yi min komai ba. Shi kuwa Baba, kalmar nan ta riga ta shiga gidansa ta ɗauke masa ɗa. Ni ina jin kiɗa, shi yana jin abin da ake faɗa a kan ɗansa a tasha. Kuma su samarin can na Amurka da nake ta koyi da su, tawayen da suka yi da iyayensu da garinsu suka yi shi, da abin da ya dame su. Namu abin da ya dame mu yana nan cikin ɗakin abokina, a naɗe a jikin bango. Shi ya san haka tun farko, shi ya sa kiɗansa ya fi rubutuna gaskiya.

Wan nasa yana gida yanzu. Sauƙin na zuwa yana komawa, amma ana godiya, ku sa shi a addu'a. Abokina ya ce min wani lokacin da asuba in an yi bugun farko, yakan ji an amsa daga ɗaya tabarmar.

Ni kuma duk hutun da na je Yelwa sai na je gaida Baba. Ina durƙusawa zai ce, "A'a, bugagge, an zo hutu?" Fuskar nan tasa ba dariya ba fushi. Yatsana da saurin neman amsa, amma wannan ban taɓa tambayarsa wacce daga cikin ma'anonin yake nufi ba.